Kafin a Sauke Giyabos: Ciwon Tsofaffin Motocin Otomatik Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi

Da sassafe a watan Janairu, lokacin da hunturu ke busawa a ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, mai tsohuwar mota otomatik yakan ga alamar farko tun bai bar ƙofar gida ba. Ya tayar da inji, ya taka birki, ya ja sandar giya zuwa D, ya ɗaga ƙafa. Mota ta yi shiru. Daƙiƙa uku, huɗu, wani lokacin har biyar, sannan a ji gif daga ƙasa, ta zabura. Da ta ɗumama sai ta daina, shi kuma ya manta da zancen sai wata safiyar.

Bayan 'yan watanni sai ciwon ya sake salo. Yana kan kwalta ya nufi Katsina ta Kurfi, ya taka totur zai wuce wata Golf da ta sha lodin buhuna, allurar juyin inji ta haura 3,000 ta doshi 4,000, inji na ta kuka, amma gudun bai ƙaru ba. Nan ne direba ke cewa giya ta fara zamewa.

Hukuncin da ake yankewa a gareji kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Bakanike ya zagaya da motar sau ɗaya, ya dawo ya kashe, ya goge hannu da tsumma: "Alhaji, giyar nan ta tafi, sai dai a sa wata." Wani lokacin gaskiya ya faɗa. Amma sau da yawa an yanke hukuncin ne ba a zaro gejin mai ba, ba a sa motar a kwamfuta ba, ba a ma tambayi mai ita yaushe abin yake faruwa ba. Alhali kuɗin giyabos yau yana iya cinye albashin watanni na ƙaramin ma'aikaci, ko buhunan masara masu yawa daga rumbun manomi.

Ba rashin basira ne ya jawo hakan ba. Manyan kanikawan yankin nan da ogogin da suka koya musu aiki sun buɗe ido ne da Peugeot. Tun da kamfanin haɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, 504 da 505 suka mamaye hanyoyin Arewa, kuma duk wanda ya yi shekara biyar a ƙarƙashinsu zai iya canja kuloci ko cikin duhu. Har gobe motocin haya da ke tasoshin Dutsin-Ma da Kurfi yawancinsu giyar hannu ce. Otomatik ta shigo ne daga baya, tare da motocin tokunbo, musamman 'yan Kwatano da ake bi da su ta Maraɗi a shigo ta Jibiya, kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, irin su Camry da Corolla da Accord da Pontiac Vibe, mafi yawansu otomatik ne. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya ƙara yawan ma'aikata masu irin waɗannan motoci a garin. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, sai canja mota ya gagari mutane da yawa. Accord ƙirar 2003, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD, yanzu ta haura shekara ashirin, kuma ita ce za ta ci gaba da kai yara makaranta da kai mara lafiya asibiti.

A giyar hannu, ƙafar direba ce ke sarrafa kuloci, hannunsa ne ke zaɓar giya. A otomatik mai ne ke yin aikin duka biyu. Famfon da inji ke juyawa yana zuƙo man giya ta cikin filta, ya tura shi da ƙarfi zuwa wani faifan ƙarfe mai ƙananan hanyoyi da bawul-bawul. Daga nan ƙananan makunnan lantarki da ake kira solonoid su buɗe masa hanyar da ƙwaƙwalwar mota ta zaɓa, ya je ya danna fistin, fistin ya matse faranta masu fatar kamu, waɗanda kanikawa suka fi sani da faiba. Tsakanin inji da giyabos kuma akwai kwanbata, wata tukunyar ƙarfe cike da mai, wadda ke ba mota damar tsayawa cikin giya ba tare da inji ya mutu ba. Tun da kamfanin General Motors ya fito da Hydra-Matic a 1939, turin mai ne ginshiƙin wannan tsari, kuma har yau bai canja ba.

To, jinkirin shiga giya da zamewa tushensu ɗaya. Ko dai mai bai isa wurin faiba da wuri ba, ko ya isa ba shi da ƙarfin matse ta, ko kuwa faibar ce ta cinye ba abin da ya rage da zai kama. Na ƙarshen nan ne ke wajabta sauke giyabos. Sauran biyun sau da yawa ana gyara su motar na tsaye a kan tayoyinta.

Binciken farko ba ya bukatar sifana, kuma mai motar ne ya fi kowa iya shi. Littattafan gyara na Toyota sun ajiye ma'auni: idan mai ya ɗumama, daga N zuwa D kada jinkiri ya kai daƙiƙa 1.2, daga N zuwa R kuma kada ya kai 1.5. Agogon wayar hannu ya isa a gwada. Idan jinkirin da safe ne kawai, bayan motar ta kwana, ana zargin ƙarancin mai, ko filta ta toshe, ko man kwanbata ya tsiyaye ya koma ƙasa cikin dare, ko robobin da ke tare mai a jikin fistin sun tsufa sun bushe, ba sa kamawa sai zafi ya tausasa su. Idan akasin haka ne, wato da sanyi lafiya lau, sai an yi tafiyar rabin awa sannan ta fara sakin jiki, to man ya tsinke da zafi yana sulalewa ta wuraren da suka cinye, kuma wannan labarin ya fi nauyi. Motar da ke jinkiri a D amma ribas ɗinta garau, ko ribas ya ƙi amma gaba lafiya, ta riga ta nuna wane rukunin faiba ne ke ciwo. Wadda kuma ke jinkiri a duka biyun tana nuni ne ga abin da suka yi tarayya a kai: yawan mai, filta, famfo.

Mai motar da ya zo gareji da wannan bayani a bakinsa ya rage wa bakanike rabin aiki, kuma ya rage wa kansa zama abin yanka.

Sai a zo kan geji, inda aka fi yin kuskure duk da sauƙinsa. A Toyota da mafi yawan motoci, ana auna man giya ne inji na aiki, motar ta ɗumama, tana tsaye a wuri mai baje, bayan an bi da sandar giya ta kowane harafi an dawo da ita P. Honda kuwa ba haka ba: sai an kashe inji, a auna cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Yaron garejin da ya auna Camry a kashe zai ga mai ya haura layi ya ce ya cika, alhali da an kunna sai a ga ya gaza. Cika mai fiye da kima shi ma ɓarna ne, domin ƙarafan ciki za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta iya matse faiba. Peugeot masu giyar AL4, wato da yawa daga cikin 206 da 307 da 406, ba su da geji sam. Ta wani noti ake duba su daga ƙasa, mai yana kusan digiri 60 na zafi.

Bakaniken da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan layin geji. Yakan ɗiga man a kan farar takarda, ya fito da ita rana. Lafiyayyen man giya ja ne garai-garai kamar zoɓo. Idan ya koma ruwan ƙasa amma ana ganin takarda ta cikinsa, ya tsufa ne kawai. Sai ya kai gejin hanci ya shinshina, sannan ya murza ɗigon tsakanin babban yatsa da manuni. Baƙin mai mai ƙauri, wanda ake jin ɗan tsaki-tsaki a cikinsa, faiba ce ta ƙone take yawo a ciki. Idan kuma man ya yi fari-fari ya yi kauri, ruwa ne ya shiga, galibi daga lagireto, domin bututun sanyaya man giya ta cikin tankinsa ya bi. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna a kan wannan. Amma kowace mota da aka shekara ana ɗura wa lagiretonta ruwan rijiya tsura tana iya kaiwa can, saboda tsatsa ba ta tambayar sunan kamfani.

Wane mai aka zuba ma? Wannan tambaya ce da ya kamata a yi wa duk wanda giyarsa ta fara wasa jim kaɗan bayan juye. A shaguna da yawa "man giya otomatik" suna ɗaya ne, jan mai ne a galan, galibi samfurin Dexron da General Motors ya fara fitarwa a 1967. Amma Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 T-IV suke so, Camry ta 2007 zuwa sama kuma WS. Honda tana da nata, Z1 a da, DW-1 yanzu. A motocin Toyota da yawa an rubuta sunan man a jikin gejin, karantawa kawai ake bukata. Mafi haɗari su ne masu giyar CVT, irin Nissan Murano, da Altima daga 2007, da yawancin Corolla daga 2014: belin ƙarfe ne a cikinsu, mansu daban, kuma zuba musu jan mai na gama-gari kashe su ne a hankali. Ga kuma jabun mai da ake ɗurawa cikin galan na gaske a liƙe. Akwai ma masu tsiyaya man birki cikin giyabos wai don robobi su kumbura. Suna kumbura ɗin, motar ta yi 'yan kwanaki tana shiga giya da wuri, daga nan su ruɓe gaba ɗaya. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu motoci, cewa tsohuwar giya ba a canja mata mai, da an canja ta mutu. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ɗora laifin inda ba nan yake ba. Giyar da faibarta ta riga ta ƙare, garin faibar da ke cikin tsohon man ne ke ɗan taimaka mata ta kama. A zubar da shi sai ciwon ya fito fili. Sabon mai bai kashe ta ba, ya same ta ne a kan gargara. Giyar da manta ya tsufa amma bai yi ƙauri ba, juye da sabuwar filta na iya kawar da jinkirin safe kwata-kwata. Abin lura shi ne, kwance noti ba ya fitar da man duka, kaso mai yawa yana maƙale a kwanbata, shi ya sa masu Honda ke juyewa sau uku, ana ɗan tafiya da motar a tsakani.

Wani kaso na giyoyin da ake saukewa kuwa ba abin da ya same su. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa idan ta toshe, inji yakan rasa ƙarfi, direba ya ƙara taka totur, giya ta yi ta sauka tana hawa, a ce ta lalace. Fulogi ko kwayil da ya mutu yana sa mota karkarwa irin ta kwanbata mai ciwo. Gif ɗin da ake ji idan an sa giya yana iya zama robar da inji ke zaune a kai ce ta yage. A tsofaffin Corolla na shekarun 1990 akwai wayar ƙarfe da ta taso daga totur zuwa giyabos. Idan ta saki, matsin mai ya ragu, giya ta zame, kuma ɗaure ta aikin minti goma ne. Batirin da ya raunana ko waya da ɓera ya ci na iya rikita solonoid. Har maɓallin O/D da ke jikin sandar giya, wanda yaro ya danna yana wasa, ya sha hana mota shiga giyar ƙarshe. Toyota RAV4 ta 2001 zuwa 2003 ita ce babban misali: ƙwaƙwalwar inji ce ke lalacewa ta riƙa ba giya umarnin banza, motar ta yi ta bugu da fizga. Wanda ya sa mata wata giyabos bai gyara ƙwaƙwalwar ba, sabuwar ma haka za ta bi.

Nan ne kwamfuta ke da rana. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin bincike a ƙarƙashin sitiyari, masu fetur na Turai kuma daga 2001. Sau da yawa motar da kanta tana kiran a duba ta: fitilar D4 ko D na ƙiftawa a Honda, O/D OFF na ƙiftawa a tsofaffin Toyota. P0715 da P0720 suna nuni ga na'urorin auna gudu da ke jikin giyabos, waɗanda ake canjawa daga waje. P0741 batun kamun kwanbata ne. P0730 kuwa na nufin gudun da ke shiga da wanda ke fita ba su yi daidai da giyar da aka zaɓa ba, wato alamar zamewa. Sai dai lamba alama ce, ba hukunci ba. Lambar solonoid na iya fitowa saboda soket ya sha mai ko waya ta tsinke. Kuma mai kwamfutar da zai goge lambobi ya karɓi kuɗi ya sallami mutum bai yi komai ba, fitila kawai ya kashe.

Masu 406 da 307 sun san wani ciwo na musamman: ana cikin tafiya a ji bugu, fitilun allo su fara ƙiftawa, motar ta maƙale a giya ta uku, a kashe a kunna ta dawo daidai. Kare kanta take yi. A giyar AL4, solonoid biyu masu daidaita matsin mai ne aka fi samu da laifin, kuma ana canja su ba tare da an sauke giyabos ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na matsin mai. A jikin mafi yawan giyabos akwai ƙaramin noti da ake ɗaura agogon auna matsi, a karanta a D da R, a kwatanta da abin da littafin motar ya ce. Matsi ƙasa a kowace giya, a nemi famfo, filta ko bawul ɗin daidaitawa. Matsi daidai amma ga zamewa, faiba ce. Akwai kuma gwajin danne birki a taka totur har ƙasa cikin D a ga inda allura za ta tsaya, amma ba a wuce daƙiƙa 5, kuma a giyar da ke kan gargara yana iya zama ajalinta, don haka ba na kowa ba ne. Daga nan sai a kwance farantin ƙasa a duba mayen ƙarfen da ke ciki. Laushin toka-toka a jikinsa tsufa ne na al'ada. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko gutsattsarin faiba, magana ta ƙare. Abin takaici shi ne, agogon nan bai kai kuɗin taya ɗaya ba, amma da wuya a gan shi rataye a garejin ƙauye. Da ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci za su kawo horon 'yan kwanaki kan wannan gwaji da karanta lambobin kwamfuta zuwa garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi, da an ceci giyoyi masu yawa, da aljihun masu su.

Me ke kashe su da wuri a wannan yanki? Zafi ne kan gaba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke taɓa digiri 40, motar da fankarta ta mutu ko lagiretonta ya toshe da ƙura tana dafa man giya tare da inji. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada, ba ya magance wannan. A motocin Toyota da dama ma ƙwaƙwalwa ba ta barin giyar ƙarshe ta shiga sai ruwan inji ya ɗumama, don haka motar da aka cire wa tamostat takan yi ta kuka a giya ta uku da safiyar hunturu. Sai hanyoyin ƙauye. Motar da ta kafe a yashi ko a lakar damina, direba ya yi ta wurga ta daga D zuwa R tayoyi na juyawa, a minti biyar tana iya cin faibar da za ta yi shekara. Lodin buhuna a ranar kasuwa, da riƙe mota da totur a kan hawa maimakon birki, duk suna ƙara wuta. Idan kuma ta mutu a hanya, jan ta da igiya mai nisa ɓarna ce a kan ɓarna, domin famfon mai ba ya juyawa sai inji na aiki, ƙarafan ciki za su yi ta gogar juna a bushe. Tura ta ma ba ya tayar da ita. A hanyoyin da matsalar 'yan bindiga ta sa kowa ke son ya isa gida kafin magariba, ba wanda zai zargi direban da ya ɗaura igiya ya bar wurin. Shi ya sa jinkirin safe ba abin ɗagewa ba ne ga mai bin waɗannan hanyoyi.

Wasu giyoyin kuma da rauninsu suka baro masana'anta. Accord ta 1998 zuwa 2002 an san ta da ciwon giya tun tana Amurka, kuma a 2004 Honda ta yi kiranyen motoci masu yawa, har da Accord mai silinda shida, saboda zafin da ke lalata giya ta biyu.

Idan bincike ya tabbatar faiba ta ƙone, zaɓi biyu ne: a buɗe a sake ɗaure ta, ko a sayo tokunbo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ɗaurewa na bukatar wuri mai tsabta da hannun da ya saba, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya maƙale bawul, kuma canja faiba kaɗai a bar tsofaffin robobi dawowa gareji ne. Tokunbo kuwa ita ma tsohuwa ce, ba wanda ya san nisan da ta yi. Mai saye ya tabbata lambar da ke jikinta ta yi daidai da tasa, domin Camry biyu masu kama ɗaya na iya bambanta, wata U241E mai giya huɗu, wata U250E mai biyar, soket ɗinsu ma ba ɗaya ba. Ya sa a kwance farantin ƙasa a gabansa tun a shago, a rubuta masa kwanakin garanti a rasit. Kafin a ɗaura, a wanke bututun sanyaya mai da ke lagireto ko a canja shi, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shige sabuwar a tafiyar farko. A tabbata kwanbata ta zauna har ƙarshe kafin a haɗa da inji, don noti ɗaya da aka matse da ƙarfi kan kwanbatar da ba ta zauna ba yana fasa famfo. Sannan a zuba man da aka rubuta mata, a fita da ita kan kwalta har ta yi zafi sosai, a bar ta ta kwana, a sake auna daƙiƙun shigarta D da R da safe tun kwanakin garantin ba su ƙare ba.